Ranar da na narkar da naman biki a gidan surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ƙanwar matata a Gangaren Tudu, ranar da ilimina ya yi mini tsirara a gaban surukai. Lokacin wata uku da aurena, ina kuma shekara ta biyu a jami'a, muna tsakiyar darasin enzayim. (Da ajami nake rubuta darussana, don hannuna ya fi gudu a can. Abokaina sun daina aron littafina.)

Malaminmu ya koya mana cewa enzayim wasu 'yan ma'aikata ne da Allah Ya zuba a jikin halitta. Su ne ke yayyanka abinci a cikinmu har ya zama ƙarfi da jini. Ya ce ɗanyar gwanda ma tana da nata, mai tsinka jijiyar nama, kuma ɗumi yana ƙara masa himma. Na yi ta tasbihi a raina, na ji kamar ni aka fara gaya wa a duniya.

Da safiyar walima na shiga gaida mutanen gida, na tarar da Gwaggo Ladi, yayar surukina, wadda ke kula da girki, tana faɗa da nama.

"Wannan saniya ta girme ni," in ji ta. "Ga dangin ango za su iso daga Garaku bayan la'asar."

Suruki na gari gaisuwa yake yi ya sunkuyar da kai ya fita. Ni kuwa sai na gyara murya.

"Gwaggo, da za a samu ɗanyar gwanda..."

"Mun sani, Malam. 'Yar ƙaramar tsaga muke jefawa a tukunya."

"Ai wannan na gargajiya ne, Gwaggo. A bar mini, a kimiyyance za a yi."

Ta dube ni, ta dubi matata, ta ce, "To, bismilla. Masu boko sun zo."

Gwanda tara na sa aka tsinko a bayan gida. Na gurza su tas, na cuɗe naman da su a babban baho, na rufe, na ajiye a rana don su sami ɗumin da suke so. Daga nan na tafi wurin maza ina ta bayani, har da zane a ƙasa. Na yi azahar, na ƙara nafila, na dawo na ci gaba da wa'azin enzayim. Abin da na manta, alhali yana cikin littafina da rubutun hannuna, shi ne enzayim ba ya ƙarewa da aiki. In ya gama da wannan tsoka sai ya kama ta gaba, kuma babu mai ce masa ya isa.

Ana zuba naman a tukunya, ya yi tafasa ɗaya, sai na ji salati daga cikin gida. Matata ta leƙo ta yafuto ni, fuskarta kamar an aiko mata da rasuwa. Gwaggo ta tsoma ludayi ta ɗago. Ƙashi ne fari fes, sauran kuwa kunu.

"Malam," ta ce a hankali, "ina saniyarmu?"

Haka aka kai wa baƙi shinkafa da wannan abu. Wani kawun ango ya yi ta laluben kwanonsa da cokali, can ya ce, "Ikon Allah, ga ƙamshin nama, ga ƙashin nama. Shi naman sai gobe?" Carbin surukina kawai ya ƙara sauri. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Mutum ɗaya ce ta ji daɗi, kakar matata, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta suɗe kwano ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ina angon nawa? Allah Ya yi maka albarka! Rabona da nama tun haƙorana na nan. Kai kaɗai ka tuna da ni a gidan nan!"

Mata suka kwashe da guɗa, maza suka fashe da dariya, har surukina sai da kafaɗarsa ta motsa.

Na ci jarrabawar enzayim da maki mai kyau, alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar, in na shiga gidan surukai na ga tukunya a kan wuta, gaisuwa nake yi in nemi tabarma can nesa, in yi shiru har a kawo mini rabona.