Ranar da Inna ta same ni a kan gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a gidanmu na Dutsin-Ma ba. Cikina wata biyu, daga ni sai maigidana muka sani, domin na bara ɓarinsa na yi, tsoro bai sake ni ba.

Wata abokiyar aikina ce ta turo min bidiyon yoga, wani motsa jiki na masu ciki, wai yana kwantar da hankali. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Na yi ta tambayar kaina: shin miƙar nan za ta taɓa cikin? To waɗannan matan na bidiyon, me ya sa suke ta murmushi? Na ce bari dai in ɗana.

Maigida na fita kasuwa na shimfiɗa bargo a falo, na zura wandonsa na ƙwallo (kada ku tambaye ni dalili), na toshe kunnuwa da abin sauraro. Na durƙusa kamar mai rarrafe, ina banƙare baya, ina jan numfashi ina saki da nishi.

Ashe Inna, surukata, ta taso daga Birchi, ta yi sallama har sau uku. Sai ƙarar faɗuwar ƙwaryar fura na ji.

"Innalillahi! Ɗiyar nan, shi ma fita zai yi?"

(Ashe ta daɗe da gane ina da ciki, kawaici kawai take yi.)

Ta yaya zan ce wa surukata motsa jiki nake? Kafin in haɗa kalma biyu ta tara maƙwabta, an tsayar da Keke Napep, an rufa min hijabi a kan wandon ƙwallo, sai asibiti. Inna na tofa min addu'a tana hawaye, ni kuma na lafe kamar mai ciwon gaske.

Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko na ga jini. Na ce a'a. Ciwon mara? A'a.

"To me ya same ki?"

"Yoga," na faɗa a hankali.

Inna ta zabura. "Wace ce Yoga? Me ta ba ki?"

Sai da na sake durƙusawa na gwada musu, a gaban maƙwabta biyu. Ma'aikaciyar ta danne dariya da ƙyar, ta ce miƙa mai sauƙi ba ta cika yin illa ba, amma wadda ta taɓa ɓari ta fara tambayar likita. Aka yi hoto, ga zuciyar ɗan tayin tana bugawa. Nan na yi kukan gaske.

A hanyar gida Inna ta matso kusa da kunnena. "Abin nan, yana maganin ciwon baya?"

Tun ranar na koyi darasi: kafin ki bi bidiyo, tambayi likita. Kafin ki durƙusa kuma, sa sakata.