Albishirin da Alƙalin Wasa Ya Soke

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon Disamba ba, ranar da ƙanen matata ya buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'in yankinsu. (Lokacin ba ta zama matata ba tukuna. A gaskiya ma, a ranar saura ƙiris ta zama matar wani.)

Ni ɗan Fagge ne, tasi nake ja a New York, kuma tun ina yaro an san ni da azarɓaɓi. Mahaifiyata takan ce ni ne nake shafa fatiha liman bai gama addu'a ba. Yarinyar da nake nema sunanta Rabi, ma'aikaciyar jinya ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma sai ta ga dama take mayar da ita. Mahaifiyarta Hajiya Mariya 'yar Zangon Kumasi ce, suna zaune a unguwar Park Hill da ke tsibirin Staten Island. Duk Asabar sai in ajiye mota, in hau feri in ƙetare ruwa, in hau bas, in je in durƙusa in gaishe ta. An daɗe ana haka. Duk sanda na sa aka tambaye ta yaushe zan turo magabata, amsar ɗaya ce: "Bari mu gani."

Rabi ce ta fasa min ƙwan wata rana. "Mma ta ce kana da kirki, amma ba ka da zama. Ta ce ko shayi kake sha kamar ana korarka."

Abin ya ƙona min rai, musamman da yake gaskiya ne. Ga kuma wani Basiru, ɗan garinsu, mai gemu a gyare da magana a hankali, wanda Hajiya ke zuba wa nama biyu in ta zuba min ɗaya. Ina lura.

To, autan Hajiya, Karimu, wata jami'a ce a kudu ta ɗauke shi saboda ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano a yi ta karo kamar ragunan layya. Shi aikinsa ya sheƙa da gudu, a jefo masa ƙwallo ya cafe. A shekarar suka kai wasan ƙarshe na yankinsu. In sun ci, za su shiga cikin makarantu huɗun da za su yi takarar kofin ƙasa baki ɗaya. In an ci su, shi ke nan, kuma Karimu yana shekararsa ta ƙarshe. Duk Bahaushen Staten Island ya san da maganar, har waɗanda ba su san ko ƙwallon zagaye take ko doguwa ba.

Hajiya kuwa ba ta kallo. Tana da hawan jini, kuma ranar da ta fara ganin ƙarti sun danne mata ɗa a talabijin, zare wayar ta yi daga bango. Saboda haka ta kafa doka. Masu kallo su sauka gidan Malam Isufu, wani Bamaraɗe mai shago a Harlem wanda ke zaune a hawa na ƙasa na benen su Hajiya, yana da ƙatuwar talabijin. Ita za ta zauna a sama da matan Zango, da carbinta, da tukunyar wake da shinkafa, wayarta a kashe.

"Duk wanda zai hau nan, ya hau da labari ɗaya," in ji ta. "Ba na son suna gaba, suna baya. In an gama, a zo a gaya mini."

Ina jin haka wata dabara ta faɗo min. Na ce a raina, ai wanda ya kai wa uwa albishirin ɗanta, ba ta manta fuskarsa har abada. Ni zan kai. Ko Basiru zai yi fiffike, sai na riga shi.

Da muka shiga gidan Malam Isufu, kowa na neman kujera kusa da talabijin, ni na nemi ta bakin ƙofa. Takalmana ma juya su na yi suna kallon waje. Rabi ta zauna daga gefe tana ƙoƙarin yi min bayanin dokokin wasan, ni kuma ina ta cewa "Na gane, na gane," idona na kan Basiru. A duk karatun da ta yi min, abu ɗaya na riƙe: in alƙali mai riga zane-zane ya ɗaga hannu biyu sama kamar zai yi kabbara, an ci.

Jama'a, ban taɓa ganin wasa mai cin rai irin wannan ba. A yi gudu kaɗan, a tsaya. A taru a yi ƙus-ƙus, a yi karo, a tsaya. A sako tallar mota, a sako tallar kaza. Muka yi azahar muka dawo, suna nan. Na tashi, na zauna, na leƙa taga, na sha ruwa ba don ƙishi ba. Ƙafata sai rawa take har Malam Isufu ya ce, "Bon, malam, in fitsari ne ga bayi can." Muka yi la'asar, ba su gama ba. Agogonsu ya nuna saura minti biyu, wallahi da na so da na yi aski a cikin minti biyun nan.

Can dai aka zo ƙarshe. 'Yan su Karimu na baya da maki kaɗan, lokaci ya kusa ƙarewa. Falon ya yi tsit, Rabi ta toshe baki da mayafi. Sai aka cilla ƙwallo sama, ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai ga hannun Karimu ya cafe ta. Ya kauce wa wannan, ya zille wa wancan, ya tsallaka layi. Alƙali ya ɗaga hannu biyu.

Falo ya kaure da ihu. Ni kuwa tuni na kai ƙofa.

Zan faɗi gaskiya, na ga wani ɗan tsumma rawaya ya faɗi a gefen fili. Na gan shi da idona. Na ɗauka hankicin wani ne. Kuma na ji muryar Rabi a bayana tana cewa, "Wait, tsaya, tsaya!" Na ce a raina, Allah sarki, ita ma tana so ta riga ni. Ban tsaya jiran lif ba, na bi matakala bibbiyu, ƙafa ɗaya da takalmina, ɗaya da wani silifa da ban san mai shi ba.

Sallamar ma rabi na yi. Na faɗa falon Hajiya ina haki, mata sun jeru a kan darduma.

"Hajiya, albishirinki!"

Carbin ya tsaya a hannunta. "Goro."

"Fari ko ja?" (Ku ji fa. Mace na riƙe da ƙirji, ni ina cika al'ada.)

"Fari, ɗan nan, faɗi!"

"Sun ci! Karimu ne ya ci da hannunsa! An gama, sai kofin ƙasa!"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa har kunnena ya yi ƙara. Hajiya ta ce "Ei, Allah!" ta kifa goshi a ƙasa ta yi sujada, ta ɗago hawaye shaɓe-shaɓe. Mata suka rungume ta. Ni kuma, tunda na ga kasuwa ta buɗe, na shiga ƙari. Na ce mutum biyar ya tsallake. Na ce Turawa sun miƙe tsaye suna kiran sunansa. Na ce har mai sharhi ya yi kuka. (Ban san inda na samo wannan ba.)

Hajiya ta jawo wani kwano, ta buɗe jiƙaƙƙen ƙyalle, ta zaɓo farin goro ƙato ta miƙo min. Na karɓa hannu biyu na gatsa. Sai ta dube ni, irin kallon da ban taɓa samu daga gare ta ba, ta ce, "Goro kaɗai bai biya wannan ba. Ɗana, ka gaya wa mutanenka su zo. Ga shaidu nan."

Aka sake guɗa. Na ji kamar in yi rawa, amma na tuna ana zargina da rashin zama, sai na sunkuyar da kai ina murmushin salihai. A raina ina cewa, Basiru, sai ka ci namanka biyu.

Nan take ta kunna waya ta kira yayanta Alhaji a Kumasi, ta sa a amsa-kuwwa. Muna jin gidan ya rikice, yara na ihu, Alhaji na cewa gobe da safe a kamo rago. Ta miƙo min wayar ta ce in ba shi labarin da bakina. Na ba shi, wannan karon mutum bakwai Karimu ya tsallake.

Ina cikin bayani ne wani abu ya fara sosa min zuciya. Ina sauran mutane? Falon Malam Isufu cike yake da samari masu ƙafa, amma ba wanda ya biyo ni. Ko Basiru. Na kasa kunne wajen matakala, shiru. Na ce wataƙila murna ce ta riƙe su. Gumi ya fara tsattsafo min a cikin sanyin Disamba.

Sai ƙofa ta buɗe a hankali. Rabi ce, idonta jawur. Malam Isufu na bayanta, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana riƙe da nawa a hannu.

"Mma," in ji Rabi, "sun soke."

"Suka soke me?"

"Cin da Karimu ya yi. Alƙali ya jefa tsumma, wani ɗan ƙungiyarsu ya riƙe rigar mutum. Aka mai da su baya, suka sake gwadawa, bai yiwu ba. An ci su, Mma. It's over."

Innalillahi. Ban san ko kun taɓa riƙe goro a baki kun rasa yadda za ku yi da shi ba. In haɗiye, ya ƙi wucewa. In tofar, a ina? Tsohuwar da ta yi guɗa ta saki baki tana kallona. Wayar na hannuna, Kumasi na ta shagali, har na fara jin ana buga bokiti. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma a hawa na sama muke, ko ta tsage gidan Malam Isufu zan faɗa.

Kunya daban, tsoro daban. Hajiya ta zame ta jingina da bango, Rabi ta ruga ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mata a hannu. A lokacin na manta da aure, na manta da Basiru, addu'ata kawai kada in zama ajalin baiwar Allah nan da bakina.

Da ta buɗe baki, abin da ta fara tambaya shi ne, "Karimu ya fita da ƙafarsa?"

"Lafiyarsa lau, Mma."

"To, alhamdu lillahi." Sannan ta juyo kaina, ta nuna wayar da haɓa. "Kai ka kai kayan Kumasi. Sai ka je ka ɗauko abinka."

Haka na kara waya a kunne, a gaban matan Zango, na ce, "Alhaji, a dakata da maganar ragon nan." Na yi bayanin tsumma, bayanin da ni kaina a lokacin nake jin sa. Alhaji ya ce, "Wai kai wane ne?" Na dubi Hajiya, ta kau da kai. Na dubi Rabi, tana kallon abin awo. Na ce, "Direba ne, Alhaji."

Malam Isufu ya miƙo min takalmina, ya karɓi silifansa. Ko waken ban ci ba. A feri na tsaya a waje iska na yanka min fuska, ina ganin hakan ma ya yi min kaɗan.

Satin nan ban san inda kaina yake ba. In ɗauki fasinja in wuce inda zai sauka. In ɗauki waya zan kira Rabi in ajiye. Asabar ta zo, na ƙi zuwa, don na ji labari yaran Park Hill sun sa min suna Mai Albishir. Ran Lahadi Rabi ta kira, kuma da Hausa ta yi magana, abin da ya nuna min ba wasa. "Mma ta ce ka zo."

Na je na durƙusa, na fara jero ban haƙuri. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ina mutanen naka?"

Na ce ai na ɗauka maganar ta bi ruwa.

"Ni alƙalin wasa ce?" in ji ta. "Abin da na bayar a gaban mutane, ba na jefa tsumma in karɓe." Ta ja carbi kaɗan. "Tun da yaron nan ya fara wasan nan ban taɓa jin daɗinsa ba, kullum fargaba. Sai ranar. Na ji daɗin da uwa ke ji, ko da na ƙarya ne. Amma ka saurare ni da kyau. Daga yau, ko gobara ka gani, ka turo wani ya gaya mini."

Aka yi biki da bazara. Karimu ya zo, ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya ce ya ji ni kaɗai ne a duniya na ba shi kofi.

Darasin da na koya bai wuce wannan ba: kada ka riga malam masallaci, kuma in ka ga hannu biyu a sama, ka duba ƙasa tukuna. Ko na koya da gaske? Ranar da Rabi ta haihu, na fito daga ɗakin haihuwa da gudu, na tarar da Hajiya a kujerar jira da carbinta. Na ce, "Hajiya, albishirinki!"

Ba ta ce goro ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Koma ka sake dubawa. In ba tsumma, ka dawo."

Wallahi sai da na koma.