Dutsen Niƙan da Na Aro a Kabari

Ƙwas! Turmin dakan yajina ne ya tsage, wata ranar Alhamis. Washegari muka fita shan iska bayan garin Jidda, na hangi tarin duwatsu an jera su a zagaye, tsaf, ko siminti babu. Na ce wa maigidana, ko shakka ban yi ba, "Aikin makiyaya ne." A gefen tarin ga wani dutsen niƙa, santsi kamar tafin jariri. Na naɗe abina a abaya.

Wata guda ina niƙa, ina yabon hannun da ya goge shi har ya yi kwarmi. Sai ƙanwata Hanan, malamar tarihi, ta tambayi inda na samo, na faɗa mata.

"Innalillahi, Yaya! Kaburburan manoman farko ne, shekaru dubbai! Ɗaukar kayan wurin laifi ne a hukumance!"

Maigida ya dafe aljihun da iƙamarsa take, takardar izinin zamansa a ƙasar. "Yalla, ɗauko."

Na wanke shi na mayar, ina istigfari, ina tunanin baiwar Allah da ta ciyar da iyalinta a kansa.

Har yau in na zuba yaji, sai ƙaramar 'yata ta ce, "Ummi, namu ne ko na mai kabarin?"