Jinin da Ke Ƙamshin Citta

Mai sayar da kekunan gwanjo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, mai manyan tayoyin nan na dogaye ne. Ga daidai kai can."

Na ce masa ni ba yaro ba ne. Na zaɓi keken hawan dutse wanda in na hau ƙafata ba ta kai ƙasa, na haɗa da jakar ruwa ta goyo, mai ɗan tiyon da ake zuƙa ana tafiya. Ruwa kuwa ai na kowa ne. Ni zoɓo mai sanyi na sa mai ɗakina ta ɗura mini.

Na baro Tudun Wada ina zuƙa, ina ɗaga wa jama'a hannu. A Gyallesu akuya ta gitta. Na matse burki, na miƙa ƙafa ina laluben ƙasa, ban same ta ba. Na faɗi da baya a kan jakar, ta fashe.

Farar rigata ta rine jawur. Mata suka sa salati. Wani dattijo ya tallafi kaina yana laƙƙana mini kalmar shahada. Ni ma da na ga jan, na karɓa tsakani da Allah, har na ce a gaya wa iyalina su yafe mini.

Sai wani mai shayi ya sunkuyo, ya shinshina, ya ce wa dattijon, "Baba, jinin nan fa har da citta da kanumfari."

Har yau, in aka ce ana neman jini a asibiti, sai 'yan majalisarmu su nuna ni: "Ga Malam nan, amma a zo da ƙanƙara."