Rasuwar Shalele, Tauraron da Sanyi Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takardar kora a aljihu, tsohon injiniyan sashen ƙera taurarin ɗan adam yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin tauraronsa, wanda ma'aikata ke kira Shalele. Ya cika a sararin samaniya, shi kaɗai, babu mai riƙe masa kai.

Marigayin bai fi akwatin rediyo girma ba. An haife shi a ɗakin gwaji na ƙarshen baranda, inda ba a shiga sai da farar riga da safar hannu. Injiniya ya yi renonsa shekara da shekaru, waya bayan waya, har gashin kansa ya zube, har 'yar autarsa ta koma ɓuya bayan labule idan ya shigo gida. An jijjiga Shalele a teburin gwaji, an gasa shi, an daskarar da shi, bai taɓa cewa uffan ba. Aikinsa ɗaukar hoton koguna, don masu gonaki su san inda ambaliya za ta biyo. Mai ladabi ne. Bai taɓa giftawa ta saman ofis bai gaida mutane ba: "ƙit, ƙit, ƙiiit."

Ciwon ajalinsa ya samo asali tun kafin a harba shi. Darakta ya kawo farantin tagulla mai ɗauke da sunansa da na manyan baƙi, ya ce a liƙa wa yaron a ƙirji. Injiniya ya ce roka ba ta ɗaukar ƙarin nauyi.

"To a rage wani abu mana," in ji Darakta.

Aka tura injiniya kwas. A bayan idonsa aka cire na'urar da ke ɗumama batir.

Tun daga nan, duk sanda marigayin ya shiga inuwar duniya sai sanyi ya kama shi. Murya ta dishe, gaisuwa ta ragu. Ranar ƙarshe injiniya na zaune gaban na'ura ya ji "ƙit" guda, ya jira sauran har aka tashi aiki. Kwamitin bincike, wanda Darakta ya shugabanta, ya gano cewa sakacin injiniya ne.

Marigayin ya bar Darakta, wanda aka ƙara wa girma. Da masu gonaki, waɗanda yanzu sai ruwa ya shigo musu ɗaka suke samun labari. Da ɗan tagwayensa, irinsa da aka ƙera don gwaji, wanda ake tokare ƙofar sito da shi. Ya kuma bar uwargidan injiniya, wadda da aka gaya mata ta ce, "Allah sarki. Shi ke nan, sai ka zo ka koyi sunayen 'ya'yanka."

Babu wanka, babu likkafani. Gawar za ta ci gaba da kewaya duniya har ranar da za ta gangaro ta ƙone ƙurmus, ba tare da an ɗora wa kowa nauyin haƙa kabari ba.

Za a yi zaman makoki ranar Litinin a bakin get ɗin ma'aikatar, ta waje, domin katin injiniya ya daina buɗe ƙofa. Kowa ya zo da kujerarsa. Maigadi ya roƙi masu ta'aziyya su matsa gefe idan sun ji hon, kada su tare wa Darakta hanya.