Masinjan da Ya Nemi Cikon Allurarsa

Wani masinja ne, ofishinsu bene hawa huɗu, lif kuwa tun ranar da aka saka shi bai taɓa motsi ba. Shekara goma sha tara bawan Allah yana hawa yana sauka da fayil, har gwiwarsa ta dama ta ce ita fa ta gaji. Takardar da aka aike shi da ita da safe sai azahar take isa sama.

Ranar Alhamis oga ya kira shi ya ce, "Baba, ba na son in ci maka fuska. Amma in Litinin ta yi kana wannan tafiyar hawainiya, sai dai mu nemi mai ƙafa."

Aikin nan kuwa shi ne tukunyar gidan mutumin. Bai zame ko'ina ba sai asibiti. Likita ya latsa gwiwa, ya ce za a yi masa allurar sitiroyid a cikin gaɓar. Kafin ya soka sai ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu.

"Ka saurara da kyau. Kwana biyun farko ciwon na iya ƙaruwa. Fuska na iya ɗaukar zafi. Barci na iya ƙaurace maka. Suga na iya hawa. Fatar wurin kuma na iya yin fari. Sannan ka huta, kada ka wahalar da ƙafar."

Gogan naka yana ƙirgawa da nasa yatsun. Sun ƙare kafin a zo maganar hutu, don haka ita a asibiti ya baro ta.

Ya shiga gida yana washe baki, ya ce wa matarsa, "Abu biyar ne a cikin allurar nan. In sun fito duka, ta kama ke nan."

Washegari gwiwa ta ɗau zugi. Ya dafe ta yana birgima a tabarma. "Wayyo Allah! Alhamdu lillahi! Ɗaya!"

Can da rana ya kamo hannun matar ya ɗora a kumatunsa. "Kin ji zafi? Biyu!"

Da gari ya sake wayewa ya sanar cewa ko runtsawa bai yi ba.

Matar ta ce, "Haba Malam, minsharinka fa har maƙwabta."

"Minsharin rashin barci ne. Uku!"

Daga nan abu ya tsaya cak. Ya je kemis aka gwada suga, aka ce lafiya ƙalau. Ya dawo ransa a ɓace, ya zuba suga cokali tara a kofin shayi ya shanye, ya koma, aka sake cewa lafiya ƙalau. Ya ɗauki dutsen goge kaushi ya hau dirzar gwiwa, ta ƙi fari, sai ja.

Matar ta ce, "Ni dai tambayata, ciwon ya tafi?"

"Ya tafi mana."

"To ba shi ke nan ba?"

"Ke ba ki san magani ba. Uku cikin biyar ai rabin allura ce. Sauran ya kwanta a ƙasa. Ba ki ganin na kwalba sai an girgiza?"

Ranar Litinin ya isa ofis da niyyar girgizawa. Ya suri fayil ya haye sama da gudu, matakala bibbiyu. Ya sauko yana tsalle a kan ƙafar allurar ita kaɗai. Wanda bai aike shi ba ma sai ya fizge takardar hannunsa ya kai masa. Oga ya leƙo ta taga yana tafi.

"Kai, Baba! Ka koma ɗan ashirin!"

Kan mutumin ya ƙara girma. A zuwa na sha ɗaya ya ce bari ya tsallake matakala huɗu a haɗe. Sai ji aka yi tas! Fayil ya yi sama, masinja ya yi ƙasa, takalmi ɗaya ya riga shi isa ƙofa.

Ranga-ranga aka kai shi asibiti, oga na biye, matar ta iso mayafi a hannu. Likita ya duba hoto ya girgiza kai.

"Jijiyar gwiwa ta tsinke. Sai an yi aiki, sannan wata uku ba taka ƙasa."

Oga ya ja gefe da waya, ana jin shi yana tambayar wani ko ya san mai neman aiki. Matar ta fashe da kuka. Shi kuwa masinja yana kwance yana ta lanƙwasa yatsu.

"Likita, wannan fa ba ya cikin biyar ɗin."

"Ba ya ciki. Da ƙyar ake samun mutum ɗaya cikin dubu da hakan ke faruwa da shi bayan allurar."

Sai fuskarsa ta washe, ya juya wajen matar.

"To ke kukan me kike yi? Mutum dubu aka yi wa allurar nan, ni kaɗai aka ba gyara!"