Ranar da Na Yi Bankwana da Garuruwa Uku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na mutu ba. To, ban dai mutu ba, tunda ga ni ina ba ku labari, amma duk abin da mai mutuwa ke yi na yi shi, in ban da kwanciyar.

Muna da kare a gidanmu na Aliero, sunansa Goje. Na marigayi Baba ne, yana gadin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a bayan gida. Baba ya yi fama da ciwon suga, kuma Goje na da wata baiwa: kafin jikin Baba ya rikice, sai ya baro rudu, ya shigo tsakar gida (inda aka haramta masa tun yana kwikwiyo), ya kwanta gabansa yana wani siririn kuka. Sau uku ya yi haka, sau uku Baba na faɗuwa kafin azahar. A na huɗu Baba bai dawo daga asibiti ba. Daga nan Goje ya shekara biyu bai taka tsakar gida ba.

Safiyar nan ina kan tabarma ina shan koko da ƙosai, matata Kulu na bayana tana tsintar shinkafa, sai ga Goje ya shigo. Ya kwanta yana fuskantata. Ya fara kukan.

Na ajiye ludayi. Nan take na ji ƙirjina ya yi nauyi, ƙafar hagu ta yi sanyi, har wani haske na gani (daga baya na gane murfin tukunya ne rana ta haska). Mai hankali asibiti zai nufa. Ni kuwa na yi wanka, na saka farar babbar riga, na shafa turare, na hau babur don in nemi gafarar jama'a tun da sauran numfashi.

Na fara da maƙwabcina Malam Isa, wanda gonarmu ke haɗe.

"Malam Isa, ka yafe mini. Gambar iyakarmu, duk damina nakan matsa da ita taku ɗaya cikin gonarka."

Ya dube ni. "Damina nawa?"

"Tara."

"Shi ya sa nike ganin gonar tana ramewa," in ji shi. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ba ni da lokacin jira.

A Jega na tsaya rumfar Mamman mahauci, abokina tun muna yara. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe, ni ne na baza maganar cewa tsirensa na jaki ne.

"Kai ne?" Ya ɗauki wuƙa, ya duba ta, ya mayar. "Shekara biyar ina gaba da Ɗanladi mai shayi kan maganag ga!"

Na ce ya gai da Ɗanladi, ya ce masa mu haɗu a Aljanna.

Daga can sai Maiyama, inda ake ɗaurin auren ɗan wani aminina. Na lissafa cewa a nan zan sami mutane da yawa a wuri ɗaya, in huta da yawo. Ana shafa fatiha na karɓe lasifika daga hannun maroƙi. Na yi sallama cikin muryar da ta dace da mai barin duniya, na shaida wa jama'a cewa ba lalle in kai la'asar ba. Sai na shiga zuba. Na ce mesar nan da nake ba da labarin na kashe da hannu a fadamar Giwa Tazo, wadda tsawonta ke ƙaruwa duk shekara, ban kashe ta ba. Ban ma gan ta ba. Igiyar shanu ce, kuma gudu na yi har na bar takalmi. Na ce wa liman duk ranar da ya ga na rufe ido a wa'azinsa ba tsoron Allah ba ne, barci ne. Wani tsoho har ya fara share hawaye.

Ina tsakiyar bayani kan surukina sai waya ta yi ƙara. Malam Isa ne. Na ɗauka, lasifika na nan a bakina, wayar kuma irin mai ihun nan ce.

"Kana ina?"

"Maiyama. Ina bankwana."

"To in ka ƙare bankwanan ka taho asibiti Jega. Kulu ta hwaɗi. Tun hitarka karen ga bai matsa daga gabanta ba, sai da ya tada unguwa da haushi muka shigo. Ita yake ma kuka, ba kai ba. Kai dai ka tare mashi hanya ne."

Duk Maiyama ta ji. Maroƙi ya zo a hankali ya zare lasifikarsa daga hannuna, ya ce, "Allah shi ƙara lahiya, mai mesa."

Ban san yadda babur ya kawo ni Jega ba. Jinin Kulu ne ya hau, kwana uku tana jin jiri ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Allah ya sa an kawo ta da wuri. Na roƙi malamar asibiti ta auna ni ni ma. Ta auna, ta ce jinina ya fi nata ita malamar kyau, in tashi daga gadon akwai masu jira.

Kulu ta buɗe ido ta ƙare wa farar rigata kallo.

"Malam, an ce ka nemi gafara Aliero, ka nemi ta Jega, ka nemi ta Maiyama."

"Haka ne."

"Ni da ka ƙetare farantin shinkafata ka fita, ko sai an jima ban samu ba."

Shekara ashirin da biyu muna tare, na zauna na tsara sunayen duk wanda na ɓata wa rai a duniya, har da mai shayi, ita ba ta shiga ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka yi ikirari gaban jama'a sai likita ya sa hannu. In kuwa neman gafarar ya zama dole, fara da wadda ke zaune a bayanka, ko don man babur.